Kifaffun Duwatsun Surame

Na yi tafiye-tafiye da dama a rayuwata, wasu ma sun shige mini duhu, amma ranar da muka kai kakata kufan Surame ba za ta taɓa fita raina ba. Ana saura shekara guda a ba ƙasar nan mulkin kai ne. Lokacin ina saurayi, muna zaune a Ƙofar Marke, ina taya babana zaman rumfarsa ta yadi a kasuwar Sakkwato.

Kakata, wadda ta haifi babana, tana da wata ɗabi'a da duk unguwa aka san ta da ita. In za ta yi tafiyar kwana, ko da biki ne a ƙauye, sai ta sa an kife dutsen niƙanta, raminsa ya dubi ƙasa. In ta dawo kuwa, ko ruwa ba ta sha sai an buɗe shi. Wanda duk ya tambaye ta dalili, sai ta ce haka ta iske kakarta na yi, ita ma haka ta iske tata, tun daga Surame, tsohon birnin Kabawa da aka watse aka bari. Ma'anarsa, in ji ta, mai dutsen zai dawo. Ita kanta ba ta taɓa taka Surame ba.

Babana bai son wannan abu ko kaɗan. Mutum ne mai bin malamai, yana ganin tsohuwar ce kawai ta ƙaga labarin. Da aka kawo injin niƙa unguwarmu sai ya sami hanya.

"Inna, wanga abu camfi na," in ji shi. "Ga inji ya zo, mi za a yi da dutse? A hid da shi a samu wuri."

Ba ta yi masa musu ba, amma daga ranar tuwonta ya riƙa komawa kusan yadda aka kawo shi. Can wata safiya ta kira shi ta ce, "Ka kai ni Surame in gani da idona. In ba mu ishe komi ba, ka hid da shi."

Na ce, "Tsohuwa, ke da ko bakin kasuwa sai kin zauna hutu?"

Ta harare ni. "Ji mijin banza, ko jaki bai aje min ba, sai baki."

Bayan an gama girbi muka shiga lori ta wajen Binji, daga nan muka ɗauki jakuna. A wani ƙauye kusa da kufan aka haɗa mu da wanda zai yi mana ja-gora, wani dattijon mafarauci siriri, mai ƙarancin magana, wanda aka ce har Turawa shi ke zagayawa da su. Kakata ta hana a gaya masa abin da ya kawo mu, don kada babana ya ce an shirya baki.

Da muka iso wata ɓaraka a jikin ganuwa, wadda ya ce nan ce ƙofa, sai ya tsaya ya tuɓe takalmansa, ya ɗaga murya ya yi sallama. Na duba ban ga kowa ba sai kukoki. Ya lura da ni, ya ce, "Gari na, samari, ko babu kowa. Ba a shiga gari ba sallama." Duk muka yi yadda ya yi, har babana.

Ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Mu da muka saba da ginin ƙasa, sai ga jajayen duwatsu an jera su kan juna, ganuwa ta miƙe har ta ɓace cikin daji. Wani wurin ta zube, wani wurin saiwar itace ta rungume ta. Shiru ko'ina, sai kukan kurciya da takun jakin kakata. Ja-goran na gaba da sandarsa, yana nuni yana faɗa a hankali: nan aka ce fada take, nan masallaci, nan maharba ke laɓewa, ga rijiya ta cike da ƙasa. Babana ya yi ta mamaki yana tasbihi. Kakata kuwa idonta na ƙasa tana dube-dube.

Muka yi azahar a gindin wata tsamiya, muka ci ɗan guzurinmu. Babana ya dubi rana ya ce, cikin ladabi, "Inna, kin dai gani. Gari babba na, amma mu kama hanya." Na ga kafaɗunta sun sauka. Wallahi tausayinta ya kama ni, har na kasa yi mata tsiyar da na saba.

Har an kawo mata jaki sai ta juya wajen ja-goran. "Malam, ka gwada muna wurin sarki da wurin yaƙi. To, ina mata sunka zauna?"

Ya sosa gemu. "Akwai wani wuri, Inna, amma ban kai baƙi can. Duwatsun niƙa na barjat, duk a kihe. Mutanenmu na cewa aljannu ka kihe su."

Babana ya dube ni, na dube shi.

Muka bi shi ta cikin ciyawa zuwa wani fili da ke da alamun gindin ɗakuna. Ga su nan kuwa, nan ɗaya can ɗaya, bayansu a sama kamar kunkuru, ƙasa ta ci rabinsu. Kakata ta sauka da kanta, ta durƙusa gaban ɗaya tana shafa shi. Sannan ta gaya wa ja-goran abin da kife dutse ke nufi a gidanmu. Ya daɗe yana kallon filin, ya ce, "Ashe ba aljannu ba na. Mutane na da sunka yi niyyar komowa."

Ta sa hannu biyu za ta juya dutsen, ko motsi bai yi ba. Sai na ga babana ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini. Ya karɓi sandar ja-goran ya tone gefen, ja-goran yana ce masa ya yi hattara da kunama, muka kama tare muka birkice shi. Babana ya share ƙasar da tafin hannunsa. Ramin na nan sumul, kamar cikin ƙwarya, an ci shi da niƙa. Kakata ta ɗora hannunta ciki, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Mun komo. Ku yi haƙuri, mun daɗe."

Babana ya juya mana baya yana gyaran hula, ya daɗe bai gama ba. Ni dai ban ɓoye nawa hawayen ba.

Dutsen kakata bai bar gidanmu ba. Ana kai niƙa inji, shi kuma yana nan gefen madafa, kuma ban sake jin kalmar camfi a bakin babana game da shi ba.

Bayan mulkin kai da 'yan shekaru ciwo ya kwantar da ita, aka ce a kai ta asibiti. An fito da ita za a sa ta mota, na tuna, na ruga wajen dutsen zan kife. Ta ɗago hannu da ƙyar ta ce, "Bar shi, maigidana. Wagga tahiya ba ta kihe dutse ba ta." Ba ta dawo ba kuwa. Allah ya jiƙanta.

Tun daga nan, in na ga tsoho ya nace wa wani ƙaramin abu da ban gane kansa ba, ba na saurin sa masa suna. Zama nake in tambaye shi tun yana da bakin ba ni amsa, domin na ga yadda tarihin gari guda ya ɓuya a ƙarƙashin dutsen niƙar wata tsohuwa, saura kaɗan mu fitar da shi don a sami wuri.