Ranar da Isuhu ya ɗaga labule

Assalamu alaikum ƴan uwa, da ku ɗalibaina na makarantar lise da kuka cika mini waya da "Madam, kina ina?" Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Ga abin da ya ɓoye ni.

Da na haifi ɗiyata ta fari, Inna ta taso daga Damagaram don ta yi mini wankan jego a gidanmu na Wadata. Ruwan zafi safe da yamma, sai kunun kanwa cikin babban kwano. Mijina Isuhu ya kwashe kayansa ya koma ɗakin baƙi. Daga bayan labule yake gaishe mu. Haka aka saba: ɗakin mai jego na mata ne, namiji kuma ba ya tsayawa gaban surukarsa.

Ƙafafuna suka fara kumbura. Daga gado zuwa bayi sai na tsaya na huta. In na kwanta tari ya taso, kamar ana ɗura mini ruwa a ƙirji. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara kanwa, ta ƙara itace a wuta. Ni mai zana muku zuciya a allo, na yi shiru. Mai jego ba ta raki, da wannan aka tashe mu.

Wata safiya Isuhu ya yi sallama, na fara amsawa, numfashi ya yanke kafin in kai ƙarshe.

Sai ya ɗaga labulen ya shigo. Inna ta ja mayafi, ta ce ciwon jego ba maganar maza ba ce.

"Inna, ki gafarce ni. Yau kam ba zan ji kunya ba."

Ya sungume ni sai cikin taksi.

A asibiti aka sa mini iska a hanci, aka ɗebi jini, aka yi ekografi, wato hoton zuciya. Likita ta ce zuciyata ta raunana, ruwa ya taru a huhu. Ta ce ciwon kan sami wasu mata bayan haihuwa, gishiri da kanwa kuma suna ƙara wa zuciya nauyi. Ina kwance, ba abin da nake tunani sai wa zai goya mini ɗiya.

Ordonans, takardar sayen magani, ta yi ta zuwa har Isuhu ya sayar da babur ɗinsa. Inna na jinyata, shi yana wankin kayan jaririya a bakin famfo. Masu jinya suka riƙa tsokanarsa, wai mijin Madam ya zama Madam. Inna, da ba ta taɓa kama sunansa ba, ta juya ta ce musu:

"Ku ƙyale mini Isuhu. Da ya ji kunyata, da na rufe ɗiyata."

Alhamdulillahi, yanzu ina tafiya kasuwa da ƙafata, ina shan magani, kunun Inna kuma babu kanwa. Na gode wa likitoci da duk wanda ya yi mini addu'a.

Ƴan matana, in kun haihu kuka ga kumburi ko numfashi yana gaza muku, ku faɗa, ku tafi asibiti a ranar. Samarina, ku girmama surukanku. Amma in muryar matarku ta sauya a bayan labule, ku ɗaga shi.