Kuɗin da Baba Ya Rufa a Dilimi

Na kai shekarun da nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Duk da haka akwai wata Asabar ta damina a unguwar Dilimi ta Jos, a tsakiyar shekarun dubu biyu, da ko sunana na manta ba zan manta da ita ba.

A lokacin ina koyar da Tarihi a wata sakandare a Daɗin Kowa. Abokina, wanda teburinsa ke jingine da nawa a ofishin malamai, yana koyar da Kimiyya. Bayan alli, abin da ya haɗa mu shi ne son tsofaffin kuɗi: kwabo mai huji, sisi, sule, anini. Tsaranmu na tara filaye, mu muna tara kuɗin da ba ya sayen ko ashana. Cutar ta yi tsanani har kowannenmu ya mallaki na'urar neman ƙarfe, irin mai doguwar sanda da faifai a ƙasa. Kana shara da ita kamar tsintsiya, in ta ji ƙarfe a ƙasa ta yi kuka.

Tawa a gwanjon kasuwar Katako na same ta, kwance tsakanin dutsen guga da takalmin ƙwallo. Mai kayan ya rantse mini cewa ta yankan ciyawa ce, batir kawai take jira. Maɓalli ɗaya gare ta, kuma ba ta iya riƙe sirri: komai ta ji sai ta faɗa. A ƙasar Jos kuwa, inda kuza ke cikin yashi kamar gishiri a miya, wannan ba ƙaramin surutu ba ne. Abokina ya raɗa mata suna Gulma. Tasa wani tsohon ɗalibinsa ne ya aiko masa daga Ingila. Ita ma ta 'yan koyo ce, amma tana da maɓallin da za ka murɗa ka ce mata ta yi banza da ƙusa da waya, kada ta buɗe baki sai ta ji tsabar kuɗi. Na raɗa mata Alƙali. Mun cinye zango guda muna gardamar wadda ta fi. Shi ya ce tawa tana sa mutum haƙa rami kamar gafiya. Ni na ce tasa ba ta haƙa rami, amma wa ya san adadin ƙararrakin da ta kora ba ta saurara ba?

Wata rana bayan an tashi, ya zauna bai ɗauki jakarsa ba. Ya ce an sayar da gidansu na gado da ke Dilimi, kuma ranar Litinin mai sayen zai fara rushewa ya gina shaguna. Mahaifinsu kafinta ne tun zamanin kamfanonin kuza, shi ya gina gidan da hannunsa, ya rasu abokina yana ɗan ƙarami, don shi ne auta. Ba hoto, ba zarto, ba guduma, komai ya watse. Abu ɗaya ya rage masa: wata rana yana wasa a zaure ya ji Baba yana dariya yana gaya wa baƙo cewa ya rufe kuɗi a gidan nan, aninai ba adadi. Tun daga ranar yayyensa ke yi masa dariya, suna cewa mafarki ya yi.

"Ba kuɗin nake so ba, Malam," in ji shi. "So nake in riƙe abin da ya taɓa riƙewa, kafin a zuba siminti a kai."

Ranar Asabar muka iso da na'urorinmu a kafaɗa, kamar maharba. Mun tarar da babbar yayarsu, wadda ita kaɗai ta rage a gidan, zaune a kan turmi tsakanin ƙullin kaya da keken ɗinkinta. Ta dube mu sama da ƙasa, ta ce ashe gwamnati ta daina biyan malamai har sun koma shara. Ta ce in mun sami dukiyar, a tuna ita ta goyi Auta.

Muka raba aiki. Shi ya ɗauki tsakar gida, ni na bi gindin bango, inda ruwan kwano ke zuba. Ko taku uku ban yi ba Gulma ta fara. Na haƙa, ƙusa. Na matsa, ta sake kuka, ƙusa. Dogayen ƙusoshin rufi ne, sun yi tsatsa, kowace da wani dunƙulen baƙar ƙasa manne a wuyanta. Ina cirowa ina jefawa a bokiti, tare da murfin kwalba, kan cokali da rabin kwaɗo. Can tsakar gida Alƙali na tafiya cikin natsuwa, bai ce uffan ba. Sau ɗaya ya yi magana, muka ruga, sai ga kwabo hamsin na jiya-jiya, wanda Yaya ta ce nata ne, ta karɓe.

Da rana ta yi tsaka abokina ya zo ya bi layin da nake bi, don ya gwada. Inda Gulma ke ihu, Alƙali shiru. Ya ce ƙusa ce, an kori ƙara. Amma ya faɗe ta ba tare da dariyar da ya saba ba, na kuma lura ya fara bin wurin da ya riga ya bi.

Sai hadari ya taso, irin na Jos da ba ya sallama. Ruwa da ƙanƙara suka kora mu cikin tsohon ɗakin girki na bayan gida, mai gajeren rufi. Abokina ya jingina Alƙali da bango, ya zauna a kan dutsen murhu. Bayan ɗan lokaci ya ce wataƙila gaskiyarsu ce, mafarki ya yi. Duk karatuna na Tarihi, ba a koya mini yadda ake yi wa mutum ta'aziyyar magana ɗaya ba.

Yaya ce ta jawo bokitina, ta ce tunda an haƙo dukiya sai a raba gado. Murfin kwalba na babban wansu ne, shi da ba ya rufe baki. Kan cokali nata. Rabin kwaɗo na mai sayen gida. Auta kuwa, ga ƙusa. Ta ɗaga ta za ta miƙa masa, sai ta tsaya tana kankare dunƙulen nan da farce, irin na wadda ba ta iya ganin datti ta ƙyale. Ƙasar ta faɗi, wani ɗan faifai ya bayyana. Ta tara shi a ruwan da ke zuba daga rufi, ta lakato toka ta murza. Ga tauraro mai tsini shida, ƙusar ta ratsa ta tsakiyar hujinsa.

Anini ne.

Ta ɗauko wata ƙusar ta kankare, anini. Ta uku, anini. Ashe tun safe ina haƙo gadon mutane ina jefawa a shara.

"Auta, me ka ce Baba ya ce?"

"Ya rufe kuɗi a gidan nan."

Yaya ta ɗaga kai ta dubi kwanon da ƙanƙara ke duka. "Ko dai ya rufa wa gidan nan kuɗi?"

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Mai rufin kwano yakan sa wa kowace ƙusa ɗan faifai mai huji don kada ruwa ya bi ta ramin. Kafintan da ya ga na kanti ya fi anini tsada, ga kuma anini da hujinsa a shirye, me zai jira? Yaro ya ji "rufe", ya ɗauka binnewa ake nufi. Baba kuwa rufi yake nufi. Yaya ta tuna an sake wa ɗakunan gaba kwano bayan wata iska, tsofaffin ƙusoshin suka zube a gindin bango. Ɗakin girkin nan ne kaɗai ba a taɓa ba.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba abokina ya aro tsani a maƙwabta. Malamin Kimiyya, da kaftani da furfura, ya hau kamar ɗan firamare. Kansa na wuce bakin kwanon sai muka ji dariya, irin wadda ke fita da hawaye. Suna nan layi-layi, kowace ƙusa da anininta, ruwa ya wanke su. Yana ta shafa su da yatsa yana cewa, "Yaya, ban yi mafarki ba." Ita kuma tana riƙe da tsani tana cewa ya sauko kafin ya karye, ta ji, ta yarda, a ci ta tara.

Har la'asar muna cire ƙusa. Aka aika wa kowane ɗa da jika nasa. Abokina ya zaɓi ɗaya bai raba shi da ƙusarsa ba, don a cewarsa gudumar Baba ce ta haɗa su. Ni ma an ba ni ɗaya, ladan haƙa.

Daga baya ya yi mini bayani cewa ƙarfen ƙusar ne ya danne muryar aninin, shi ya sa Alƙali ya ji ƙusa kawai ya wuce. Gardamarmu dai ba ta mutu ba. Ni ina cewa Gulma ce ta gano su, shi yana cewa mai Gulma ne ya zubar da su. Yaya ta ce duk na'urorin biyu ba su kai farcenta ba, kuma shi ba ya cin batir.

Abin da ranar ta koya mini ya bi ni har aji. Na daina korar magana don ta zo a karkace, ko daga bakin ɗalibi ko daga bakin tsoho. Abokina ya riƙe kalma ɗaya tun yana yaro, ya kuskure mata wasali guda, amma bai sake ta ba duk dariyar da aka yi masa. Yanzu in yaro ya ba ni amsa mai kama da tsatsattsiyar ƙusa, ba na jefa ta a bokiti sai na kankare wuyanta tukuna.