Hoton da na liƙa a tashar Madawa

Shekarun baya, muna ajin ƙarshe a kolejin Madawa, malaminmu na Faransanci ya samo aron kamarar bidiyo ya ce mu shirya fim don makon al'adu. Muka zaɓi na kisan kai, irin wanda ba a gane mai laifi sai a ƙarshe. Ni ko gaisuwa aka ce in yi gaban kamara sai muryata ta gudu, don haka aka ba ni aikin bangon kaset. Na ɗauki abin da zafi, har tafiyata ta canza.

Abokina ɗan Urno, wanda karatu ya kawo Madawa, shi ake kashewa a fim ɗin. Na dage cewa bango ba zai kama ba sai da gawa. Mahaifiyata tana aiki a asibitin mishan, na roƙo jan maganin nan da ake shafa wa ciwo. Na kwantar da abokina bakin kwalta, na cire masa takalmi ɗaya, na tsiyaya masa maganin daga kunne zuwa wuya, mai hoto ya ɗauka. Da aka wanko hoton, ni kaina sai da gabana ya faɗi. Na rubuta sunan fim da Faransanci a ƙasa. Biyu aka wanko, ɗaya na ajiye don kaset, ɗaya kuma wai talla, na kai tasha ranar kasuwa na liƙa a bangon rumfar direbobi.

Ashe a wannan bangon ake liƙa hoton wanda mota ta kashe a hanya ba a san danginsa ba. Kowa ya sani, ban da ni babban mai zane.

Washegari muna hutun safe a gindin bishiya, abokina na cin ƙosai, sai ga kawunsa da farin ƙyalle a naɗe a hammata. Ya tsaya cak, ƙyallen ya faɗi.

"Kawu, lahiya?"

"Lahiya? Kai da an ka ce mota ta take ka! Gawarka na zo ɗauka."

Wani maƙwabcinsu ne ya zo kasuwa, ya gane fuskar, bai iya karanta Faransanci ba, ya ɓalle hoton ya kai gida. Kawun ya ce mahaifiyar abokina ta faɗi tun da ta gani, ko ruwa ta ƙi sha, ga ta da hawan jini. Ƙosan ya zube a ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don gawar wasa tana shirin jawo ta gaske.

Babu waya a lokacin. Malam ya tada babur ɗinsa, ya ce ni ma in hau, tunda ni na haɗa ni zan yi bayani. Mu uku da abokina muka kama hanyar Urno, duk ramin da muka faɗa ina roƙon Allah Ya sa mu iske ta da rai.

A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zauna makoki. Da abokina ya sauka, salati ya tashi, wani tsoho har ya bar takalmansa. Shi bai kula kowa ba, ya shige ɗaki, ina bayansa. Tana kwance, hoton a hannunta. Ta dube shi. Ta jawo kansa, ta juya kunnen. Maganin nan ba ya fita da wuri, jan yana nan a bayan kunnensa. Ta sa yawu a yatsa ta goga, ta sake gogawa, babu ciwo. Sai a lokacin ta fashe da kuka, ni kuma na zauna a ƙasa.

Bayan ta sha ruwa ta ce, "Wa ya yi wanga aiki?"

Na durƙusa. "Ni ne, Inna. Aikin lakwal ne, na makaranta."

Ta daɗe tana kallona. "To ɗana, in za ku sake kashe shi, ku aiko mini tukuna."

Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya, hawaye na fuskarsu. Hoton kuwa ta ce a jefa shi a murhu, ƙarƙashin tukunyar da aka ɗora don masu makoki. Tuwon bai yi asara ba, mamacin da kansa ya fi kowa ci.

Bangon kaset ɗin da muka fitar daga baya takalmi ɗaya ne kawai a kan kwalta, babu fuskar kowa. Yau aikin zane da ɗab'i nake ci da shi, kuma duk sanda aka kawo mini hoton mutum, kafin in duba kyansa sai na tambaya ko mutanen gidansu sun sani. Wasu na ganin iyayi ne, ba na yi musu bayani.

Inna ta yi shekaru masu yawa bayan haka. Duk sanda na je gaishe ta, sai ta kama hannun ɗanta ta mai da shi bayanta, sannan ta amsa mini.