Ɗana Jupurrurla Ba Dolo Ba Ne

Sunansa na yanka ba zan faɗa ba, don ya rasu, mu kuwa ba ma kiran sunan mamaci. A sa Jupurrurla kawai, sunan da ya samu ta wajen dangi.

Ni na haife shi, ni na koya masa ladabi. Na ce in babba na magana ka sunkuyar da kai, kada ka zuba masa ido, kada ka yi saurin amsawa. Yaron nan ya riƙe. Tun yana ƙarami in ya ga sawun guza a rairayi, sai ya gaya maka ko ya ƙoshi ko da yunwa yake tafiya.

Sai ga wani Bature ya zo makarantar mishan, wai masanin ƙwaƙwalwa ne. Ya baje wa ɗana katakai masu launi na gwajin basira, yana ta jero tambayoyi. Ɗana ya sunkuya, ya yi shiru, yana girmama shi. Mutumin ya ce yaron dolo ne, ba ya iya kallon mutane. Da wannan magana aka sa shi a mota zuwa gidan masu taɓin hankali a can birnin Adelaide mai nisa. Na bi motar da gudu har na faɗi.

Da gemu ya dawo mini. Harshenmu ya zube masa, sai ɗai-ɗai. Ya tsaya yana kallona tsakar ido, don a can dūkansa ake yi in ya sunkuya. Ƙanwata Nola ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ara maka idon mujiya?" Ya ce, "Inna, ai kyauta suka ba ni, har da ƙarin mari." Aka yi dariya. Ni na koma bayan tankin ruwa na yi kukana.

Gyaran shingen shanu ya kama yi. Bai sha giya ba, bai yi aure ba. Ranar Lahadi shi ke share majami'a. In an gasa wutsiyar kangaru, naman dajinmu, tsofaffi yake fara miƙa wa. Abu ɗaya yake so a duniya: ƙungiyar masanan da Baturen nan yake cikinta ta buɗe baki ta ce shi ba dolo ba ne. Fasto ya kai musu kukansa. Suka ce mutumin nasu dattijo ne mai daraja, zancen kuma ya daɗe. Ya sake kaiwa, shiru. Yakan tambaye ni, "Mama, ko dai gaskiyarsu ne?" Har ciwon ƙoda ya ɗauke shi yana wannan tambaya.

Bayan mun binne shi, wata mata daga ƙungiyar, Delwyn, ta zo garinmu. Ta zauna a ƙasa tare da mu, ta ce sun zalunci mutanenmu gaba ɗaya, suna neman gafara. Kukanta na gaske ne, na gani.

Na ce, "'Yata, mutanenmu suna da yawa, ni kuwa ɗa ɗaya na haifa. Ɗana dolo ne ko ba dolo ba?"

Ta ce, "Mama, dokarmu ta hana ni magana a kan mutum ɗaya."

Nola ta ce, "To dokar tana ina ranar da aka yi magana a kansa shi kaɗai?"

 Na zuba wa Delwyn shayi, don baƙuwa ce.

Ina zuwa majami'a har yau. Amma in ana addu'a aka kai wurin da ake cewa mun yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai bakina ya tsaya, jama'a su wuce ni. Ubangiji ya san ina ƙoƙari.