Goruna Goma Sha Biyu na Ruwan Garo

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata na tsoma bakin na'ura a gora ta farko, sai ta nuna sinadarin fuloraid da ke cikin ruwan bai kai ya kawo ba. Na gwada ta biyu, haka. Kafin azahar goruna goma sha biyu duk sun ƙaryata ni.

Ina ajin ƙarshe a jami'a lokacin, shekarar da aka fara shari'a a Kano, kuma aikin kammala karatuna a kan rijiyoyin Garo ne, garin dangin mahaifiyata. Tun ina ƙarama nake ganin haƙoransu ja-ja, har yaran da ba su taɓa tauna goro ba, tsofaffi kuma bayansu ya sandare. Na karanta cewa fuloraid kaɗan yana zuga ƙwayoyin da ke gina ƙashi su hayayyafa, domin saƙon da jiki ke aika musu na su girma sai ya ƙi yankewa da wuri. Idan ya yi yawa shekara da shekaru, ƙashi ya yi kauri amma babu ƙwari. Mujallar da na karanta wannan a ciki ɗaya ce tak a laburare, da hannu na kwafe shafukan.

Malamin da ke duba aikina ya ɗaga kwalbar maganin da ake haɗa ruwan da shi kafin a gwada. Saura na zagaye ɗaya, kuma sashenmu ba ya da halin sayo wani.

"Idan ya sake fitowa haka, sai ki canza abin da za ki bincika, ki dawo baɗi," in ji shi.

Na bi littafin da nake rubuta matakan aikin layi-layi. Na wanke kowace gora sau uku, na rubuta unguwa da rana. Abu guda ne ban rubuta ba: ba ni na ɗebi ruwan ba. Bakin rijiya cike yake da maza masu shayar da shanu, ni kuwa kunya. Gida-gida na shiga, na miƙa wa matan goruna, na zauna a tabarma ana gaisawa har aka kawo mini su cike.

Na koma Garo ta hanyar Gwarzo, na yi rabin yini a tasha saboda babu fetur. Ban damu ba, da littafi a jakata. A gidan goggona na sauka, na yi kwana biyu ina cin ɗanwake, ina karatu a inuwar darbejiya, na kasa tambayar kowa komai.

Rana ta uku da hantsi na ga Goggo ta daka wani farin dutse ta barbaɗa a randa. Alif ne. Na san yana kama fuloraid ya zaunar da shi ƙasa tare da laka.

"Goggo, kullum kuke sawa?"

"Ina muka ga na kullum? Baƙi zan yi gobe."

"To ruwan da kuka cika mini wancan zuwan, daga rijiya ne ko daga randa?"

Ta ajiye taɓarya tana dariya.

"Ji 'yar boko! Ki taso tun daga birni, ki ce malamanku za su duba ruwanmu, mu ba ki mai laka a je a yi da mu? Kwanon alif ɗina sai da ya zaga unguwar nan kaf. Ba gidan da bai tace miki ba."