Bappa Zira da Tafiyar da Ya Aiki Wansa

Bappa Zira ƙanen mahaifina ne, kuma shi ne malamin kimiyya a makarantarmu a Mubi, shekarun da aka gama yaƙin basasa. Gajere ne, mai tafiya da sauri, aljihunsa kullum fari fat da alli. A gidanmu shi ya fara karatu har Zariya, sai dai ya dawo da ciwo guda: in ya fahimci abu, bakinsa ba ya iya riƙe shi.

Wata rana ya ce mana in mutum yana bayan mota ya jefa dutse gaba, gudun motar yana ƙaruwa a kan na dutsen. Amma in tocila ya haska, hasken ba ya ƙara komai, masana sun auna sun sake aunawa. Tun da gudun haske ya ƙi canzawa, in ji shi, lokaci ne ke ragewa, agogon mai tsananin gudu yakan yi nawa. Da ya ga mun yi zuru sai ya ce, "A ce yayana Tizhe ya hau jirgi mai gudu kusa da na haske. Ran da ya dawo zai same ni da furfura da sanda, shi kuwa da ƙarfinsa."

Tizhe ɗin nan babana ne. A wajenmu mutanen dutsen Michika suna ma yana faɗin wanda ya riga wani: Tizhe ɗan fari, Zira mai bi masa. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa unguwar Kolere, masu awon dawa suna ce wa Baba, "Tizhe, an ce ƙanenka zai girme ka, gaskiya ne?" Baba bai iya ɗaukar raini ba. Ya dawo gida ya ce ni, Miriyamu, na gama da makarantar da ake koya wa yara kifar da gida. Na yi kuka har idona ya kumbura.

Bappa ya same mu a gona a bakin mayo, wato kogi. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa, ya bar wa Baba dutsen zama.

"Ka janye maganar a gaban yara," in ji Baba.

"Yaya, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Gaskiya ce."

Bappa ya sake bi da shi ta kan mota da tocila, a hankali, bai rage komai ba don a ji daɗi. Baba yana kaɗe ƙasa daga fartanya, yana saurare.

"Wanda yake cikin jirgin, zai ji ranar ta yi masa tsawo?"

"Ko kaɗan, Yaya. Zai ci ya sha yadda ya saba. Sai ya sauko zai ga bambanci."

"Kuma wanda ya tafi ne yake dawowa da ƙuruciya?"

"Shi ne."

Baba ya ce, "To kai da karatunka duka, tun yaushe ƙane yake aiken wansa? Wa ya ce maka ni zan hau jirgin in bar dawa a gona? Kai za ka tafi. Ka dawo ka same ni na ƙara girmanka."

Bappa ya duba lissafin a ransa ya ga bai taɓu ba ko kaɗan. Ya ce, "Yaya, na karɓi aike."

Har yau ina tuna su biyun. Bappa ya sa ni cikin tsoro don ya ƙi yin ƙarya, kuma ban taɓa riƙe shi da wannan ba.

Baba ya ɗauki fartanya ya juyo wajena. "Ke kuma me kike tsaye yi? Je ki wanke rigar makaranta, rana tana yi."