Igiyar Gidan Khiem

A tsohon garin Hoi An, duk wanda ya yanki tikitin zagaya wuraren tarihi yana da damar shiga gidan tsoho Khiem, kuma shigar suke yi tun daga hantsi har la'asar sakaliya. Gida ne na baƙin katako, siriri, dogo, ƙofar gaba tana kallon layi, ta baya tana kallon kogi. Kakan kakansa ne ya gina shi zamanin da fataken teku ke sauke kaya a bakin nan. A cikinsa aka haifi Khiem, a cikinsa ya yi aure, a zaurensa ya yi gyaran rediyo da fanka har idonsa ya gaza. Yanzu aikinsa zama ne a gefen tsakar gida da butar shayi. Masu yi wa baƙi jagora su nuna ginshiƙai, su nuna rufi, su nuna shi. Har hannunsa ya saba ɗaga kofi da kansa da zarar an ɗaga kyamara.

Abin da ya fi burge baƙin shi ne wata 'yar ƙofa da ke tsakiyar silin, mai faɗin da kujera za ta wuce, da igiya mai kauri da ta ratayo daga wani gungume mai juyawa can sama. Mai jagora zai ce ta nan ake haye da kaya bene idan kogi ya cika, baƙi su gyaɗa kai, su ɗauki hoto, su wuce wajen tsohuwar gada mai rufi. Mu da muka tashi a layin nan mun san abin da ba a faɗa musu: igiyar ba ta aiki sai da mutum biyu, ɗaya a ƙasa yana ɗauri, ɗaya a sama yana ja.

A gidan nan matarsa Luu ce mai ɗauri, shi ne mai ja, tun shekarar da aka kawo ta amarya daga ƙauyen masunta. Ɗaurinta ba ya zamewa, bakinta kuma ba ya hutawa. Ruwa na lasar idon sawunta tana ce masa yana ja kamar wanda bai karya kumallo ba, shi kuma daga sama yana ce mata ta rage surutu kada kogin ya ji haushi ya ƙaru. Haka suka yi ta yi, kusan kowace damina, har furfura ta cika kawunansu. Jim kaɗan bayan bikin sabuwar shekarar bana ta kwanta ciwo, kwanciyar da ba ta tashi ba ke nan.

'Yarsu guda ce, Nhan, tana aure a birnin Da Nang, a wani dogon bene da ko kogin ya haukace ba zai kai shi ba. Tun da aka yi jana'iza take bin uban da magana ɗaya: ya tattara ya koma wurinta, a ba da gidan haya. Ba sabon abu ba ne. Maƙwabta duk sun riga sun yi. Gidan da ke hannun dama ya zama shagon ɗinkin kwat, na hagu na sayar da fitilun alharini, na Quy kuwa, abokin faɗansa tun suna yara, wanda tagarsa ke kallon ta Khiem, ya zama wurin shan kofi, shi Quy yana can sabuwar unguwa yana kiwon ciki. Da rana layin ba masaka tsinke, amma duk cikar nan babu wanda ya san sunan Luu.

Da damina ta kunno kai, Nhan ta zo da kanta a kan babur, ta tsaya ƙarƙashin 'yar ƙofar nan tana kallon igiya.

"Baba, wa zai ɗaura maka bana?"

"Ni ba ni da hannu ne?"

"Kai da ko igiyar shanya Inna ce ke ɗaurawa."

"Ke dai so kike ki kai ni can ki jingine ni kusa da talabijin kamar tsintsiya."

Ta ce ita ba ta son ranar da za a kira ta a ce an tsinci ubanta yana yawo a kan ruwa tare da kujeru. Ya ce kujerun ma ba za su taɓa ruwa ba. Gardama ta yi tsawo, shayi ya huce, a ƙarshe shi da bakinsa ya yanke: idan ruwan bana ya zo ya haye da kayan gidan shi kaɗai, ba tare da ya kira kowa ba, ta shafa masa lafiya. Idan ya kasa, ta zo ta ɗauke shi, ba zai ce uffan ba. Ta yarda, don ta tabbata zai kasa. Taurin kai a gidan nan gado ne, kowa ya samu rabonsa.

Ruwan ya zo a watan goma. Kwana da kwanaki sama na zuba ba ƙaƙƙautawa, kogi ya koma kalar shayi da madara, sai wata safiya lasifikar unguwa ta sanar cewa kafin la'asar zai hau layi. Nan da nan 'yan shaguna suka kawo ƙarti suka kwashe kaya, suka sa kwaɗo, suka hau babura suka nufi gidajensu na tudu. Matar da ke kula da shagon kwat ta leƙo ta tambaye shi ko ta turo masa mutum biyu. Ya ce ya gode, ya saba. Bayan ta tafi ya tsaya a tsakiyar ɗakin da bakin igiya a hannu, a lokacin ne ya gane bai taɓa ganin yadda Luu ke ɗaurin ba. Shi kullum daga sama yake leƙowa, abin da yake gani tsakiyar kanta ne da hannuwanta suna kai-komo.

Ya fara da kujera. Ya nannaɗe ta da igiya, ya ƙulle, ya ƙara ƙulli a kan ƙulli, ya hau matakala yana dafa gwiwa, ya ja. Kujerar ta tashi tana juyi, ta bugi ginshiƙi, ta karkace, ta sulale daga cikin igiyar ta faɗi. Ƙafarta ɗaya ta ɓalle. Kujerar kakansa ce, ta ga ambaliyar da ba ta ƙirguwa ba ta taɓa samun ko ƙwarzane ba. Ya sauko ya ɗauki ƙafar yana jujjuyawa, haushin kansa ya kama shi, haushin Luu ma ya kama shi, da ta tafi ba ta nuna masa ba.

Ashe ɗaurin ma rabin aikin ne. Wanda ke ƙasa shi ke tare kayan da hannu kada ya yi lilo, shi ke saita shi da bakin ƙofa, shi ke cewa ja, shi ke cewa tsaya. Duk surutun nan da yake mita a kai, aiki take yi da shi.

Sai ya zauna ya yi tunani irin na tsohon mai gyara. Ya yi ta gwada ƙulli har ya samu wanda ba ya zamewa. Ya kwance igiyar shanya ya ɗaura a ƙasan kowane kaya, ya zagaya da ita bayan ginshiƙi ya haye da bakinta sama, hannu ɗaya na ja, ƙafa na take ta biyun tana saki a hankali. Ya yi ta hawa da sauka. Kujeru suka hau, akwatuna suka hau, tukwanen tagulla na ƙona turare ga magabata suka hau, hoton Luu kuwa a cikin riga ya sa shi ya haye da shi da ƙafa. Ruwa ya shigo ta ƙofar baya shiru, kamar baƙon da ya san gida. Da ya zo kan keken ɗinkin Luu, wanda ya fi komai nauyi, ruwan ya kai masa ƙwauri, hannuwansa sun yi bororo sun fashe. Sau biyu keken na maƙalewa a bakin ƙofa. A na ukun ya ji bakinsa ya ce, "Ke kuma tare mini mana," ya yi tsit yana sauraron ɗakin ƙasa. Babu abin da ke motsi sai ruwa. Ya cije ya ja, keken ya shigo, da ƙyar da jiɓin goshi.

Kafin rana ta faɗi komai yana sama. Ya kwanta a tsakanin kayan, ko'ina na jikinsa na ciwo, amma ransa fari ƙal. Ya ci gardama.

Washegari gari ya waye ruwan sama ya tsagaita, layin ya zama kogi, rumfunan shaguna sun nutse sai kawunansu. Khiem ya tashi ya kunna ƙaramin risho, ya ɗauko babbar tukunya ya zuba shinkafa ya ɗora, ya daka gyaɗa da gishiri da riɗi, ya soya busasshen kifi. Bai yi shawara da kansa ba, hannunsa ne ya yi. Haka ake yi a layin nan ranar ambaliya: kowane gida ya dafa fiye da cikinsa, a buɗe tagogin bene, a riƙa miƙa wa juna kwano a bakin doguwar gora, wanda ya yi nisa a sa masa a roba a tura kan ruwa. Ranar ce ma aka fi hira a duk shekara, don ba mai zuwa ko'ina. Quy zai leƙo ya ce ruwan bana bai kai rabin na babbar ambaliyar da tsofaffi ke kira ta shekarar Dodo ba, kamar shi ya auna. Luu ta ce masa ya karɓi kifi ya toshe bakinsa. Mata su yi ta ba da labarin wanda aladensa ya hau rufin ɗaki.

Shinkafa ta nuna. Ya zuba a kwano, ya ɗaura a bakin gora da sabon ƙullin da ya koya jiya, ya tura ƙyauren taga.

Tagar Quy a rufe take, an rubuta farashin kofi da farin fenti a jikinta. Ta dama a rufe, ta hagu a rufe. Ya leƙa har iyakar ganinsa, gabas da yamma, duk tsawon layin babu taga ɗaya a buɗe sai tasa. Ya san maƙwabtan sun tashi, a gabansa suka ɗora kaya a mota ɗaya bayan ɗaya. Amma damina biyun da suka wuce ruwa bai hau layi ba, ga kuma Luu na nan lokacin tana cika masa kunne, bai taɓa tsayawa ya dubi tagogin ba. Ya tsaya da gorar a hannu, tururi na tashi daga kwanon, kaɗaici ya rufe shi.

Can sai ga ƙaramin kwale-kwale ya shigo layin, wani mutum da bai sani ba yana tuƙi, baƙi uku sanye da rigunan leda suna zaune. Ambaliyar ma yanzu abin kallo ce, ana biya a shiga. Khiem ya miƙa gorar ya ce wa matuƙin ya karɓa da zafinta. Mutumin ya ce sun karya, ya gode. Baƙin suka ɗaga kyamarori. Hoto ne mai kyau, tsoho a tagar bene da kwano a bakin gora, ba laifinsu ba ne. Suka ɗaga masa hannu, kwale-kwalen ya sha kwana wajen kasuwa.

Yana janyo gorar waya ta yi ƙara. Nhan ce, ta ce tun jiya take kira ba ya shiga. Ya ce mata komai yana sama, har keken. Ta tambayi wanda ya taya shi, ya ce babu. Ta tambayi abin da ya lalace, ya ce ƙafar kujera ɗaya, kuma zai gyara. Ta yi 'yar dariya mai haɗe da kuka.

"To Baba, ka ci. Alkawari alkawari ne. Ka zauna a gidanka, ba zan sake tayar da maganar ba."

Abin da ya yi ta fafutuka a kai ke nan tun bayan jana'iza, ga shi an miƙa masa. Ya dubi babbar tukunyar da ta ishi gida biyar, ya dubi kayan da ke jibge kewaye da shi, waɗanda idan ruwa ya janye sai an sauke su ta ƙofar nan, ɗaya na saki ɗaya na tarewa. Ya so ta ƙara gardama ko da kaɗan ne. Ita kuwa 'yar halak, ta ɗauki maganarsa da gaske.

"Ka ci abinci?" ta tambaya.

"Na dafa."

"Shi ke nan, bari in bar ka ka huta."

"Nhan."

"Na'am, Baba."

Ya gyara murya. Girman kai bai bar shi ya faɗi abin da ke bakinsa ba, sai ya ɗauko na kusa da shi.

"Ba a rufe magana haka da wuri. Ki riƙa tayar da ita."